Lauyan Ma'aikata: Haƙƙin Ma'aikaci a Gida da Ƙetare

 

Mas'alar da muka ɗauko yau ta shafi aikin lauya, amma wani reshe nasa wanda galibin mutanenmu ba su san da shi ba, alhali kuwa ya fi sauran rassan kusa da tukunyar gidajensu. In an ambaci lauya a majalisunmu, abin da yake fara zuwa a zukata shi ne shari'ar kisan kai, ko rikicin gona, ko ƙarar zaɓe. Wasu ma, saboda abin da suka gani ko suka ji, sun ɗauka cewa sana'ar ba ta da wata manufa face juya magana. To, akwai lauyan da yake ƙare rayuwarsa a kan abu biyu: na farko, haƙƙoƙin da suke bin ma'aikaci bayan albashinsa, wato fansho da garatuti da diyyar rauni da abin da za a ba magadansa in ya rasu; na biyu, matsayin mutumin da ya bar ƙasarsa ya tafi wata domin aiki, ko wanda ya baro tasa ya zo tamu. Wanda ya dubi al'amuran nan biyu sama-sama zai ce ba abin da ya haɗa su, amma in ya ƙara nazari zai ga cewa dukansu suna bijirowa ne a lokacin da mutum ya fi rauni, ko dai tsufa ya kama shi, ko inji ya cinye hannunsa, ko kuwa ya tsinci kansa a ƙasar da bai san harshenta ba, ba dangin iya ba na baba, fasfonsa kuma yana aljihun wani.

Kada wani ya zaci cewa wannan ilmi baƙo ne a wurinmu. Duk almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid, ko ya kai ga Muhtasar na Halil, ya ratsa babin ijara, ya kuma ji yadda malamanmu na mazhabar Malik suka shar'anta cewa lalle ujura ta kasance sananniya, aikin ko wa'adinsa shi ma sananne, domin jahiltar ɗayansu garari ne mai ɓata ƙulli. A cikin Suratul Ƙasas kuma muna da ƙissar Annabi Musa, tsira da aminci su tabbata a gare shi, wanda ya fita daga Masar yana mai tsoro, ya isa Madyana yana baƙo ba shi da komai, aka ɗauke shi aiki a bisa wa'adi bayyananne na shekara 8, aka bar masa zaɓin cika 10 in ya so, mai ɗaukarsa ya yi alkawarin ba zai tsananta masa ba, suka kuma sanya Allah wakili a kan abin da suka ƙulla. Ga baƙo, ga aiki, ga sharaɗi tun kafin a fara. Ya kuma inganta a cikin Buhari cewa wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, sa'an nan ya hana shi ladarsa, yana cikin mutum uku da Ubangiji da kansa zai zama abokin husumarsu ranar alƙiyama. Shi kuwa tsayawa a gaban alƙali a madadin wani, wannan wakala ce, fuƙaha'u sun yi mata babi, sun halatta ta, sai dai sun hana wakili ya taimaki wanda ya san a kan ɓata yake. Saboda haka lauyan da ya tsaya wa ma'aikacin da aka zalunta yana kan tafarki ne da magabata suka share, ko da rigar da ya sa baƙa ce, harshen kotun kuma Turanci.

Dokokin da ake aiki da su yau ba kyauta aka ba ma'aikata ba, wahala ce ta haife su. Dattawanmu sun ba mu labarin ɗiban gwamna, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1942 da 1944, sa'ad da aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza a tsaunukan Jos ba da son ransu ba, sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka halaka da yawa daga cikinsu, ba a kuwa ji wanda ya tsaya a kotu ya nemi diyyarsu ba. A 1945 ma'aikatan ƙasar nan suka yi babban yajin aiki na fiye da kwana 40 saboda tsadar rayuwa, Michael Imoudu na ma'aikatan jirgin ƙasa yana cikin jagororinsa. A 1948 Malam Aminu Kano da abokansa suka kafa ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa. A ranar 18 ga Nuwamba 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa kwal 21 a Inugu, a kan rikicin da asalinsa albashi ne. Daga irin waɗannan abubuwa ne, sannu a hankali, aka iso ga Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi.

Bari mu ɗan tsaya a kan wannan doka, domin akwai abu guda a cikinta da nake so kowane mai sauraro ya riƙe. Ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikaci ya ba shi takarda, kafin a wuce wata 3 da fara aiki, wadda za ta bayyana sunan mai aikin, da irin aikin, da yawan lada da lokacin biyanta, da sa'o'in aiki, da hutu, da yadda za a rabu in rabuwa ta zo. Ta kuma ƙayyade wa'adin sanarwa kafin sallama: mako 1 ga wanda ya haura wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 ga wanda yake tsakanin shekara 2 da 5, wata 1 ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye. Yanzu ina tambayar samarinmu da suke aiki a gidajen mai, da gidajen burodi, da makarantun kuɗi, da masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano: mutum nawa ne a cikinku suke da wannan takarda? Mu mutane ne masu kunya, muna ganin neman rubutu daga wanda ya yi maka alheri ya ɗauke ka aiki kamar tuhuma ce gare shi. Wannan kunya ba ta da gurbi a nan, tun da aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani umurni take yi da rubuta bashi, ladar ma'aikaci kuwa bashi ce a wuyan mai aiki tun daga sa'ar da gumi ya zuba. Duk lauyan da ya daɗe a wannan fage zai gaya muku cewa yawancin ƙararrakin da suke faɗuwa, gaskiyar tana nan, hujjar ce babu.

Sai batun fansho, wanda a nan ne aikin wannan lauya ya fi yawa, ya kuma fi bukatar haƙuri. A tsohon tsari, gwamnati ce take ɗaukar nauyin biyan fansho daga kasafin kowace shekara, ba tare da an tara komai a gefe ba, har bashin ya taru ya fi ƙarfinta, aka wayi gari tsofaffi da suka yi shekara 35 suna hidima suna kwana a bakin ofisoshi, wasu suna faɗuwa a layin tantancewa. A 2004 gwamnatin tarayya ta kawo dokar fansho ta karo-karo, ta kafa hukumar PenCom, aka kuma sabunta dokar a 2014, inda aka ce ma'aikaci zai riƙa ba da kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, mai aiki kuma ya ba da aƙalla kashi 10, a zuba a asusun da yake ɗauke da sunan ma'aikacin. Abin da ya kamata mu sani, mu mutanen Jigawa, shi ne jiharmu ta riga tarayya: tun 2001 ta kafa nata tsarin karo-karo na ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi, ma'aikaci yana ba da kashi 8, gwamnati kashi 17, jihohi da dama kuma sun aiko wakilai Dutse don su ga yadda ake tafiyar da shi. Wannan abin godiya ne, amma kyawun tsari ba ya hana kuskure a kan mutum ɗaya, shi kuwa wanda kuskuren ya faɗa wa, ba ruwansa da yabon da ake yi wa tsarin.

A ce ga malamin firamare, ya yi aikinsa a ƙauyukan Roni har ƙarfinsa ya ƙare, da ya zo ajiye aiki sai aka tarar ranar haihuwar da take cikin fayil ɗinsa ta saɓa da wadda take a katin ɗan ƙasa, ko kuwa ƙarin girman da aka yi masa na ƙarshe ba a shigar da shi ba, aka lissafa garatutinsa a kan matakin da ya riga ya wuce. Ko a ce ga ma'aikacin kamfani, ana yanke masa kashi 8 kowane wata shekara da shekaru, ran da ya duba asusunsa ya tarar ba abin da aka zuba. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi, wanda ya jinkirta kuma akwai tara a kansa da ba ta gaza kashi 2 cikin ɗari a kowane wata ba. Tsarin mulki na 1999 shi ma, a sashe na 173 ga ma'aikatan tarayya da sashe na 210 ga na jihohi, ya hana a riƙe fanshon mutum ko a sauya shi ta hanyar da za ta cutar da shi sai bisa doka, ya kuma ce a riƙa sake duba shi duk shekara 5, ko duk sa'ad da aka sake duba albashi, duk wanda ya riga zuwa. Waɗannan kalmomi suna nan a rubuce, amma ba sa tashi da kansu su je su karɓo wa tsoho kuɗinsa; sai an sami wanda ya san inda suke, ya tattara takardar ɗaukar aiki da ta tabbatarwa da ta ƙarin girma da takardun albashi, ya zauna ya yi lissafi wata bi wata, ya rubuta wasiƙa, ya sake rubutawa, in ta ƙi ya shigar da ƙara.

Haka al'amarin yake ga wanda ya ji rauni ko ya rasu a bakin aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki ya riƙa ba da kashi 1 cikin ɗari na jimlar albashin ma'aikatansa ga asusun NSITF, domin a biya wanda ya samu rauni ko cuta ta dalilin aiki. Amma ta sa wa'adi, cewa a sanar da mai aiki cikin kwana 14, a kuma nemi diyyar cikin shekara 1. Dokar fansho kuma ta wajabta inshorar rai ga ma'aikata, wadda ba za ta gaza ninki 3 na abin da mutum yake samu a shekara ba. Na san za a ce, ai mutuwa ƙaddara ce, mumini kuwa haƙuri aka umurce shi da shi. Haƙiƙa haka ne. Sai dai wannan dukiya, da zarar ta tabbata, ta zama haƙƙin marayu da matar da take takaba, waliyyin da ya bar ta ta salwanta saboda nauyin baki kuwa ba haƙuri ya yi ba, sakaci ya yi da amanar da aka ɗora masa.

Inda ake kai irin waɗannan ƙararraki shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. An kafa ta da dokar soja a 1976, ta daɗe ana gardama a kan iyakar ikonta, har sai da aka yi wa tsarin mulki gyara na uku, wanda ya fara aiki a watan Maris 2011, aka ɗaga ta zuwa sahun manyan kotuna, aka keɓe mata dukan abin da ya shafi aiki da albashi da fansho da garatuti da sallama da cin zarafi a wurin aiki. Tana da reshe a Kano, tana kuma da sashen sulhu, wanda ya dace da ɗabi'armu, domin sau da yawa akan daidaita ba tare da an kai ga hukunci ba. Abin da nake gargaɗi a kansa shi ne jinkiri, musamman in hukuma ce ake ƙara, saboda akwai tsohuwar dokar kare jami'an gwamnati mai wa'adin wata 3 kacal, wadda lauyoyi suka daɗe suna jayayya a kan ko ta shafi sha'anin aiki. Mai hankali ba ya bari a yi wannan jayayya a kan haƙƙinsa.

A ƙasashen da suka riga mu a wannan fanni, su ma hasara ce ta koya musu. A Amurka, sa'ad da kamfanin motoci na Studebaker ya rufe masana'antarsa a ƙarshen 1963, dubban ma'aikata suka rasa mafi yawan fanshon da aka yi musu alkawari, abin da ya taimaka wajen kafa babbar dokarsu ta kare fansho a 1974. A 1990 kuma suka tsara bizar ƙwararru mai adadin 65,000 a shekara. A kan waɗannan dokoki biyu akwai lauyoyi a can da ba su da wani aiki tun daga ƙuruciya har furfura. Mu ma bukatar tana nan, masu biyanta ne suka yi ƙaranci.

Yanzu mu juya ga rabi na biyu, wanda ya fi taɓa mu, mu da muke zaune a bakin hanya. Titin da ya taso daga Kano ya ratsa Kazaure ya nufi Daura da Kongolam, da wanda ya bi ta Babura ya shiga ƙasar Magarya, su ne hanyoyin da matafiya suke bi zuwa Damagaram da Agadas, daga can kuma Libiya ko Aljeriya. Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mun ji jami'an shige da fice sun tare motoci cike da samari da 'yan mata a wannan yanki namu. Tafiya neman abinci ba aibi ba ce, Bahaushe kuwa ya san cin rani da fatauci tun kafin a shata iyakoki, zangunanmu suna Kumasi da Accra da Sudan shekaru aru-aru. Abin da ya sauya shi ne takarda. A watan Nuwamba 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba duk baƙon da ba shi da izinin zama mako 2 ya fita, Hausawa da yawa da aka haifa a can suka baro gidaje da shaguna. A watan Janairu 1983 mu ma muka yi wa baƙinmu kwatankwacin haka, adalci kuwa ya sa mu faɗi wannan kamar yadda muka faɗi wancan. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ya zauna har kwana 90 ba biza, amma izinin shiga daban, izinin zama da aiki daban. Ga shi kuma ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata a watan Janairu 2025, lamarin da ya sa duk ma'aikacin da yake tsallake ya kamata ya san matsayinsa, kada ya dogara da yadda aka saba.

Babu inda zukatan mutanenmu suka fi karkata kamar Saudiyya, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Amma so ba ya sauya doka. Bizar Umra ba ta halatta aiki, wanda ya shiga da ita ya zauna kuwa ya zama ba shi da igama, wato takardar izinin zama, ba shi da ikon kai ƙara ba tare da ya tona kansa ba, duk wanda ya ga dama sai ya ci guminsa. Shi kuwa wanda ya shiga da bizar aiki, zamansa yana ɗaure ne da kafili, wato mai aikin da ya ɗauko shi. Duk da haka dokar ƙwadagon ƙasar ta ba shi haƙƙoƙi da yawancin 'yan'uwanmu ba su sani ba: kuɗin ɗauko shi da na igama da tikitin komawa gida bayan ƙarewar yarjejeniya suna kan mai aiki, ba a yarda a riƙe fasfonsa ba, in aiki ya ƙare yana da ladar ƙarshen hidima, rabin albashin wata a kan kowace shekara ta 5 ɗin farko, cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan. Tun 2018 suna da kotunan ma'aikata, a watan Maris 2021 kuma suka sassauta tsarin kafili ta yadda ma'aikacin kamfani zai iya sauya wurin aiki bisa wasu sharuɗɗa. Sai dai wannan sassauci bai haɗa da masu aikin gida ba, su kuwa su ne mafi yawan matan da ake ɗiba daga ƙasar Hausa, su ne kuma suke bayan ƙofa a rufe, inda ba mai ganin abin da yake faruwa sai Allah. A nan ne zuciyata ta fi ƙuna, domin yarinyar da aka ce mata za ta je ta yi aiki kusa da Harami, iyayenta suka sayar da gona ko shanu suka biya dillali, ba wanda ya karanta mata ko layi ɗaya na abin da ta dangwala wa hannu.

Hanyar hamada kuwa ba ta bukatar dogon bayani. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, yawancinsu kuma daga ƙasar Kance suka fito, wadda take nan kusa da mu, harshenmu ɗaya, aurenmu ɗaya. Allah ya jiƙansu.

To, me lauya zai iya yi? Gaskiya ita ce ikonsa yana raguwa da zarar an tsallake iyaka, domin lauyan Nijeriya ba ya tsayawa a kotun Jidda ko ta Tarabulus. Iyakarsa ya rubuta wa ofishin jakadanci, ya tsara takardar wakilci ga lauyan can, ya tara hujjoji. Ƙarfinsa yana nan gida, kafin a tashi, tun ran gini ran zane. Dokar Ƙwadago ta hana kowa ɗibar mutane zuwa aiki sai da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ta kuma gindaya sharuɗɗa na musamman ga aikin ƙetare, har da batun dawo da ma'aikaci gida. Lauya zai bincika ko dillalin yana da lasisin, ya karanta yarjejeniyar ya fassara ta da Hausa, ya duba ko albashin da aka faɗa da baki shi ne a rubuce, ya ajiye kwafin fasfo da biza da rasit na duk abin da aka biya. In kuma an riga an yi yaudarar, zai iya bin dillalin a kotu ya nemo kuɗin, in al'amarin ya kai ga safarar mutane ya kai shi gaban hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin wannan. Abin da za a ba lauya ya karanta takarda bai kai abin da ake ba dillali ba.

Akwai kuma ɗaya fuskar, ta baƙin da suke zuwa aiki wurinmu. Kamfanin da yake son kawo ƙwararre daga waje sai ya sami gurbi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, baƙon kuma ya sami katin zama daga hukumar shige da fice bisa dokar 2015, sharaɗin gurbin kuwa shi ne a haɗa shi da 'yan ƙasa masu koyo, domin su gaje shi. Ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairu 2021, ya ratsa ta Kazaure. Irin wannan babban aiki yana tara injiniyoyi baƙi da leburori 'yan gida a fili ɗaya, kowannensu kuma yana da haƙƙin da doka ta tsare masa. Lauyan kirki yana iya zama na kamfani, ya nuna masa yadda zai bi doka tun farko. Wannan ma hidima ce ga ma'aikaci, in an yi ta da tsoron Allah.

Ga 'ya'yanmu da suke makarantun sakandare, hanyar ba ɓoyayya ba ce: shekara 5 a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello a Zariya ko ta Bayero a Kano, inda ake haɗa shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, sa'an nan shekara 1 a makarantar horar da lauyoyi, wadda take da reshe a Bagauda. Kada kowa ya ce ɗan ƙauye ba ya kaiwa. Marigayi Mai Shari'a Dahiru Musdapher a Babura aka haife shi a 1942, ya zama lauya a 1968, ya riƙe Babban Jojin Jihar Kano, ya kai ga zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya daga 2011 zuwa 2012. Wadda ta gaje shi kuwa, Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar ta Kano, ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera. Ina ambatonta da gangan, saboda matar da ta dawo daga aikatau a ƙetare da abin da ba za ta iya faɗa wa namiji ba, tana bukatar 'yar'uwarta mace wadda ta san doka. Ba zan ɓoye muku ba, wannan reshe ba shi da saurin kawo dukiya kamar shari'ar zaɓe, masu zuwa wurinka tsofaffi ne da zawarawa da korarru, shari'a ɗaya kuma tana iya cin shekaru. Yana bukatar lissafi, da Larabci ko Faransanci in da hali, da cikakken haƙurin sauraron wanda bai iya tsara magana ba. Amma a ganina farilla ce ta kifaya a kan al'umma irin tamu, wadda 'ya'yanta suke aiki a ƙarƙashin wasu a gida da waje, a ce tana da waɗanda suka ƙware a kansa.

Saboda haka ina kira ga iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malamanmu limamai, kada su bari a fitar da yaro ko yarinya daga garinsu da sunan aikin ƙetare sai an ga lasisin mai ɗibar, an kuma karanta yarjejeniyar a gaban waliyyi. Ina kira ga kowane ma'aikaci, na gwamnati da na kamfani, ya buɗe jakarsa a daren nan ya duba takardunsa, ya gyara abin da ya saɓa tun yana kan aiki. Wanda kuma yake da ɗa ko 'ya mai kaifin fahimta da son gaskiya, ya nuna masa wannan hanya, ya taimake shi a kanta.